Littattafai tara, kuɗin guda uku: abin da na zaɓar wa ɗaliban ƙanwata a Daura

Ƙanwata malamar ilmin halittu ce a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a Daura, kuma ita aka ɗora wa kula da ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar muhalli. Kwanakin baya tsofaffin ɗaliban makarantar suka yi karo-karo suka ba ƙungiyar ɗan abin da ya samu, aka ce a sayo littattafai. Ta tattaro sunaye tara daga cikin waɗanda ta ji ana yabo, ta turo mani nan Katsina ta WhatsApp, sannan ta biyo da kira.

"Yaya, ka ga jerin? Na tambayi mai kawowa daga Legas, ya ce da canjin dala na yanzu kuɗin ba zai wuce guda uku ba. Kai da ka karanta su, wanne da wanne? Ba na son in sayo abin da gara za ta riga yara karantawa."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan, domin ba ita kaɗai ke wannan lissafin ba. Littafin kimiyya da aka buga a Ingila ko Amurka yanzu ya zama sai an yi shawara kafin a saya, kamar awakin kiwo. Duka taran da Turanci suke, don haka abu na farko da na duba shi ne ko ɗan aji biyar na sakandare zai iya wuce shafi ashirin ba tare da ya gaji da buɗe ƙamus ba. Na biyu, ko abin da littafin ke faɗa yana da inda zai sauka a ƙasar Daura.

Uku daga cikinsu magana ɗaya suke yi, wato sauyin yanayi da makamashi, saboda haka guda ɗaya kawai za a ɗauka. Wanda ya fi suna shi ne How to Avoid a Climate Disaster na Bill Gates, wanda ya fito a 2021. Mutanenmu sun san mai shi tun lokacin ɗigon rigakafin shan-inna, kuma ina zaton sunan ne ya kai shi saman jerin. Littafin yana da tsari. Gates ya kama lamba ɗaya, tan biliyan 51 na iskar da ke ɗumama duniya da 'yan Adam ke fitarwa a shekara, ya ce aikin shi ne a mayar da ita sifiri. Sai ya raba ta gida biyar: ƙera abubuwa irin su siminti da ƙarfe da roba kashi 31 cikin 100, wutar lantarki 27, noma da kiwo 19, sufuri 16, ɗumama gidaje da sanyaya su 7. Yaron da ya riƙe wannan rabon ya fi yawancin masu jawabi a ranar dashen itatuwa sanin inda hayaƙin ke fitowa. Turancinsa kuma mai sauƙi ne.

Amma tambayar da littafin ke amsawa ta masu arziki ce: yaya ƙasar da ta riga ta ƙoshi da wuta za ta daina ƙona gawayin ƙasa da mai? Ɗan Nijeriya ba ya fitar da ko tan ɗaya na iskar kabon a shekara, Ba'amurke kuwa yana wuce tan goma sha uku, kuma Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Mu abin da ya dame mu shi ne yadda za mu rayu da zafin da wasu suka hura, kuma babi guda kawai ya ware wa wannan. Ga shi maganinsa kusan kullum sabuwar na'ura ce, wasu ma daga kamfanonin da shi kansa ya zuba jari a ciki, abin da bai ɓoye ba. Na ce mata ta cire shi. Abin da ke cikinsa mai amfani za ta iya rubutawa a allo cikin minti goma.

Gardamar gaske tsakanin sauran biyun take: How the World Really Works na Vaclav Smil, 2022, da Not the End of the World na Hannah Ritchie, 2024.

Smil dattijo ne, haifaffen ƙasar Cek a 1943, ya yi rayuwar koyarwarsa a Jami'ar Manitoba ta Kanada, ya rubuta littattafai sama da 40. Ba ya lallashi. Jigon littafinsa shi ne zamanin nan a kan ginshiƙai huɗu yake tsaye, amoniya da ƙarfe da siminti da roba, kuma dukansu da mai da gas da gawayin ƙasa ake yin su. Babin amoniya shi ne wanda na fi so, domin labarin buhun yuriya ne. A 1909 Fritz Haber ya nuna yadda za a kamo sinadarin naitirojin daga iska a haɗa amoniya, a 1913 Carl Bosch ya mayar da abin masana'anta a Jamus. Lissafin Smil shi ne kusan rabin mutanen duniya na yau da wannan takin ake ciyar da su. Duk manomin masara a Funtuwa ko Bakori da ya taɓa kallon gonarsa ta yi ɗorawa don takin bai zo a kan lokaci ba ya san abin da ake nufi, sai dai bai san cewa gas ne ke cikin buhun ba, shi ya sa farashin gas a duniya ke taɓa farashin taki a kasuwar ƙauye. Daga nan ne mai karatu zai gane dalilin da ya sa masana'antar taki ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 take buƙatar bututun gas kafin komai, ya kuma gane nauyin alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2006, na ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta.

Smil ba ya raga wa kowa. Masu cewa duniya ta kusa tashi saboda zafi yana musu ba'a, masu cewa na'ura za ta warware komai nan da shekara goma su ma haka. Hujjarsa ita ce sauya tushen makamashi abu ne mai ɗaukar shekaru da yawa, kuma har yanzu kusan kashi huɗu cikin biyar na makamashin duniya daga mai da gas da gawayin ƙasa yake. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba ce ga makaranta: jimlolinsa doguwa ne, cike da alƙaluma da baka a cikin baka. Ni kaina da fensir nake karanta shi, shafi biyar in ajiye. Idan aka ba ɗan shekara goma sha shida, zai dawo da shi ranar Litinin ya ce ya karanta, ku duka kun san bai karanta ba.

Ritchie kuwa matashiya ce 'yar Sikotilan, mai bincike a Jami'ar Oxford, tana cikin masu tafiyar da rumbun alƙaluman nan na Our World in Data. Ta faɗa da kanta cewa ta taso cikin fargabar duniya ta lalace, sai alƙaluma suka canza mata tunani. Ta bi matsaloli bakwai ɗaya bayan ɗaya: gurɓatar iska, sauyin yanayi, sare dazuka, abinci, ɓacewar halittu, robobi a teku, da kamun kifi fiye da kima. A kowanne tana nuna inda aka fito, inda ake, abin da ke aiki, da abin da mutane ke wahalar da kansu a kai alhali ba shi da wani tasiri. Akwai wata magana da ta yi yawo cewa girbi 60 kawai ya rage wa ƙasar noma ta duniya. Ta bi sawunta ta nuna ba ta da tushe. Wannan ɗabi'ar, ta tambayar "ina aka samo lambar?", ita ce babbar kyautar da littafin zai ba yara a zamanin da kowane saƙon waya ke zuwa da "masana sun ce".

Babin gurɓatar iska ne ya fi shafar gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a 2020. Ritchie ta nuna hawan tsani daga kara da icce zuwa gawayi, zuwa gas, zuwa lantarki, kuma talauci ne ke riƙe mutane a matakin ƙasa. Yarinyar da ta tashi tana hura wa babarta wuta a murhu da damina, icce ya jiƙe, idanu sun yi ja, ba ta bukatar a fassara mata wannan babin. Abin da zai zame mata sabo shi ne jin cewa abin yana da suna, an ƙirga shi, kuma wasu ƙasashe sun fita daga ciki.

Inda Smil da Ritchie suka raba hanya shi ne saurin canji. Ita tana nuna cewa farashin wutar sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2009 da 2019, don haka abin da jiya ya gagara yau ya yiwu. Shi yana cewa wutar lantarki yanki ne kawai na makamashi, kuma ba a narka ƙarfe ko gasa siminti da farantin sola. A Katsina za ka iya ganin hujjar kowannensu a yini guda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rufin gidaje da shaguna ya cika da farantai, masu noman rani da dama sun ajiye injin fetur sun koma famfon sola, ba don wani ya yi musu wa'azin muhalli ba. Wannan na Ritchie ne. Ka kama hanyar Lambar Rimi ka ga fankokin iska 37 na aikin megawat 10 da ya shafe fiye da shekara goma ana jiran kammalawarsa, ka tambayi farashin buhun siminti a hanya. Wannan na Smil ne.

Raunin Ritchie shi ne matsakaicin lissafi. Idan ta ce sare dazuka a duniya ya wuce ƙololuwarsa, gaskiya ne a kan taswirar duniya, amma bai hana motocin icce da gawayi shigowa gari kowace safiya ba. Shawararta ta rage cin naman shanu ma ga Turawa take, masu cin nama kullum. Ba ga gidan da sai sallah ko suna ake ganin tsoka ba, ba kuma ga makiyayin da ke kiwo a ƙasar da ba ta nomuwa ba. Malama za ta riƙa tsayar da yara tana tambayarsu: wannan ya shafe mu ko bai shafe mu ba? Ban ɗauki hakan aibi ba, darasi ne. Tsakanin ukun, na makaranta shi ne na Ritchie.

Sai littafin da ƙanwata ta sa a ƙarshen jerin, har ta ce mani ba ta tabbata ma ya cancanci shiga ba, tunda ba ta ga an yi masa talla ba. The Forest Underground na Tony Rinaudo. Na ce mata idan kuɗin na guda ɗaya ne, shi za a saya.

Rinaudo masanin aikin gona ne ɗan Ostireliya. Ya zo Nijar a 1981 tare da iyalinsa a ƙarƙashin wata ƙungiyar mishan, ya zauna a Maraɗi. Ga Bakatsine, Maraɗi ba ƙasar waje ba ce sai a takarda: kusan kilomita 100 ce ta hanyar Jibiya, sarautarta daga Katsina ta tashi bayan jihadi, harshe ɗaya, gero ɗaya, rairayi ɗaya. Aikin da aka ba shi shi ne irin wanda muka sani, a reni itatuwa a leda, a kai ƙauye, a dasa. Mafi yawansu mutuwa suke yi. Rana ta ƙone su, iska ta binne su, awaki su cinye, ko kuwa mutane su ƙi kula da su don ba su suka nema ba. A 1983 yana kan hanyar kai wasu tsirran, ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa don ya wuce rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin waɗanda manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona. Da ya duba ganyen, sai ya ga ashe itace ne da aka sare tun tuni, kututturen yana ƙasa da saiwarsa a raye, yana ta toho ana ta sarewa. Gonakin duk cike suke da irinsu. Dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sunan littafin ya fito.

Dabarar da ta biyo baya ba ta bukatar leda, ba ta bukatar ban ruwa. Manomi zai zaɓi kututturen da yake so ya raya, kalgo ne ko sabara ko gawo ko aduwa ko magarya. Cikin tohon da ya fito, wataƙila ashirin ko talatin, sai ya bar 'yan kaɗan mafi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Ya rage rassan gefe zuwa kamar rabin tsawon, da wuƙa ko lauje mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya ɗaura tsumma a jiki don mai neman icce ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Tunda saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, itacen yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa kamowa ba. A Maraɗi aka sa wa abin suna sassaben zamani.

Abin da ya sa na fi yarda da littafin shi ne bai ɓoye wahalar ba. Da farko dariya aka yi masa, domin manomin kirki a lokacin shi ne mai gona tas, ba ko tsinke. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona a ƙauyuka kusan 100. Da abincin ya ƙare, mafi yawan mutane suka sare nasu. Waɗanda suka bari su ne suka ga bambanci: iccen girki a kusa, ganye ga dabbobi, iska ba ta binne shuka, geron ma bai ragu ba. Akwai kuma batun doka. Muddin itace na gwamnati ne, kuma malamin daji zai ci ka tara idan ka taɓa reshe a gonarka, babu mai raya shi. Gara ka kashe shi tun yana ƙarami. Sai da manoma suka tabbata itacen nasu ne suka fara tsaronsa. Bayan shekaru kusan 20, hotunan tauraron ɗan Adam da binciken ƙasa suka nuna hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya dabarar ramukan shuka masu tara ruwan sama da taki, da ake kira zai.

A kwatanta wannan da abin da muka saba. Katsina na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Kowace damina ana bikin dashe, a kira manya, a ɗauki hoto da butar ban ruwa. Wanda ya koma wurin a watan Maris ya san sauran labarin. Ba ina cewa dashe ba shi da amfani ba. Darbejiyar da muke fakewa a inuwarta dasa ta aka yi, asalinta ma daga yankin Indiya take. Amma ƙungiyar ɗalibai da ba ta da rijiya, ba ta da shinge, ba ta da kuɗin tanka, wace hanya ce za ta iya?

Abu biyu na gargaɗe ta a kai. Littafin tarihin rayuwa ne na mutum mai riƙo da addinin Kirista, yana maganar addu'arsa da imaninsa a fili, har ya ci kyautar littafin Kirista na shekara a Ostireliya a 2022. Gara ta sani tun yanzu, ta karanta shi da kanta, ta faɗa wa shugaban makaranta, ta zaɓi babukan Nijar don karatu a aji, kada wani uba ya ji daga bakin yaro ya zo da tambaya. Na biyu, labarin mutum ɗaya ne, kuma labarin mutum ɗaya yakan taƙaita na jama'a. Daura ta fi kusa da Damagaram fiye da Maraɗi, kuma a yankunan Magarya da Matamai da Mirya manoma sun cika gonakinsu da gawo da dabararsu ta gado, a ƙasar da tun zamanin sarakunan Damagaram akwai hani a kan sare shi. Kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa su ƙosar da tumaki, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka. Na ce mata ta sa yaran su je su tambayi tsofaffi a gida kafin su buɗe littafin, su ga nawa ne a ciki tsohon ilmi ne da ya dawo da sabon suna.

Kusa da shi a jerin akwai The Hidden Life of Trees na Peter Wohlleben, malamin daji Bajamushe, wanda ya fito da Jamusanci a 2015. Yana da daɗin karatu, amma itatuwan dazukan Jamus ne masu sanyi da dusar ƙanƙara, kuma yana ba su halayen mutane, wai suna shayar da 'ya'yansu, suna abota. A 2023 wasu masana uku suka bi binciken da aka gina irin wannan magana a kai, ta cewa itatuwa na aika wa juna abinci da saƙo ta zaren funfuna a ƙarƙashin ƙasa, suka ce an zarce abin da hujja ta nuna. Kuɗin guda uku ba su da wurin sa.

Gurbi na uku ne ya ba ni wahala, tsakanin An Immense World na Ed Yong, 2022, da Material World na Ed Conway, 2023.

Na Conway shi ne Smil da ƙafafu. Ɗan jaridar tattalin arziki ne na Sky News, ya ɗauki abubuwa shida, yashi da gishiri da ƙarfe da jan ƙarfe da mai da litiyam, ya je inda ake haƙo su: ramin jan ƙarfe na Chuquicamata da tafkunan litiyam na hamadar Atacama a Chile, da wani ƙaramin gari a Amurka, Spruce Pine, inda ake samun farin dutse mai tsabtar da masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta dogara da shi. A ciki yaro zai ji dalilin da ya sa rairayin hamada ba ya yin kankare mai kyau, iska ta goge ƙwayoyinsa sun yi santsi, shi ya sa tifofi ke bin gulbi suna kwashe yashi har gaɓa ta zube. Babin gishiri zai tuna wa malama ayarin raƙuman Bilma, babin litiyam kuma ya kai ta Nasarawa, da tambayar da ya kamata yara su yi bayan abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. Littafi ne mai kauri, amma labari ke jan sa.

Na Yong kuwa ba ya maganar matsala sai a ƙarshe. Magana yake a kan yadda kowace dabba ke zaune a duniyarta ta ji da gani, wadda ba irin tamu ba. Ƙudan zuma na ganin launin da idonmu ba ya kamawa a jikin fure. Jemage na auna ɗaki da amsa-kuwwar muryarsa. Sauro na bin iskar da muke fitarwa da ɗumin jikinmu. Tarwaɗa na ɗanɗano da dukkan fatarta, kamar harshe ne ke iyo. Giwa na kiran 'yar'uwarta da sautin da ya yi ƙasa da abin da kunnenmu ke ji. Akwai kifayen kogunan Afirka masu lalube da magana da lantarki, kuma yaron da ya taɓa jin labarin minjirya a bakin masunta zai miƙe zaune. Littafin ya ci kyautar Royal Society ta littafin kimiyya a 2023. Turancinsa ya fi na Conway ado, wani wuri sai da taimakon malami, amma ana iya tsinkar shafi uku a karanta su kaɗai su tsaya da kansu.

Duk lokacin da na buɗe shi sai in tuna Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta da Hausa fiye da shekara 70 da suka wuce, don bayyana wa yara halittu da yadda duniya ke tafiya. Imam a Kwalejin Katsina ya yi karatu, a Midil ta Katsina ya koyar. Irin wannan aikin a nan ƙasar aka taɓa yin sa, da harshenmu. Na roƙi ƙanwata, duk wanda ta saya, ta sa kowane ɗalibi ya mayar da shafi ɗaya Hausa a kowane mako, a karanta a taron ƙungiya, a yi gardama a kan kalmomin.

Sauran biyun ban daɗe a kansu ba. Chip War na Chris Miller, 2022, tarihi ne mai kyau na yadda 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin waya suka zama abin faɗa tsakanin Amurka da Sin, da yadda kamfanin TSMC na Taiwan da ASML na Holan suka riƙe wuyan duniya. Na ɗalibin jami'a ne mai karanta siyasa ko injiniya. The Coming Wave na Mustafa Suleyman, 2023, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin fasaha na DeepMind, gargaɗi ne a kan ƙirƙirarriyar basira, kuma fanni ne da ke gudu har littafin shekara biyu ya fara tsufa. Makarantar da ke sayen littafi sau ɗaya a shekaru ba za ta sa kuɗinta a abin da ke tsufa da wuri ba.

Da na kira ta na ce Rinaudo da Ritchie babu ja, na uku kuwa ni da Conway zan ɗauka, domin yaranmu sun fi jahiltar inda siminti da batir suke fitowa fiye da yadda jemage ke gani. Ta yi shiru kaɗan.

"Yaya, ni fa ilmin halittu nake koyarwa. Guda biyun farko duk matsala ce da magani. Ina son ɗaya da yaro zai karanta ya ce Allah mai iko, ba don jarrabawa ba."

Ban yi musu ba. Ta fi ni sanin ajinta. Na ƙara mata da cewa ta nemi masu bango mai laushi, sun fi araha, ta kai wa mai ɗinkin littafi ya sa musu kwali da leda tun kafin su shiga hannun yara. Ta ce akwai wani fili a bayan ajujuwa da ake sharewa kowace bazara, cike da tohon kalgo da sabara, za ta nemi shugaban makaranta ya hana a taɓa shi bana, su ƙirga kututturan su sa musu lamba.

Smil kuwa nawa zan ara mata, ita kaɗai. Ranar Juma'a zan ba direban motar Daura ya kai mata, kuma na faɗa mata rubutun fensir ɗin da ke gefen shafukan kada ta goge.